Tabo Uku a Kwanon Waziri

An ce wani sarki aka yi a ƙasar Japan, a zamanin da tsibiran nan na can gabas suke rarrabe a hannun sarakuna da yawa, kowa da lardinsa, kowa da tutarsa. Lardin wannan sarki yana tsakanin duwatsu da teku. Ba shi da girma, amma yana da shinkafa, yana da kifi, yana kuma da wata irin farar ƙasa mai laushi wadda maginan tukwane na ko'ina suke sha'awa.

Sarkin ba azzalumi ba ne. Ba ya ƙwace gona, ba ya kashe mutum a kan fushi. Sai dai yana da cuta guda: ba ya iya jin an yabi abin wani. In aka ce dokin wane ya iya gudu, ranar abinci ba ya yi masa daɗi. In aka ce lambun wane ya yi fure, sai ya ga nasa lambun ya zama ciyawa. Yana da kunya, saboda haka ba ya faɗa. Amma fadawansa sun san alamar, domin duk lokacin da abin ya motsa sai ya yi murmushi ya fara magana a hankali ƙwarai.

Mutanen ƙasar suna da wata al'ada ta shan shayi wadda sai an san ta za a gane wannan labari. Ba sa sha a kofi mai mariƙi. A kwanon yumɓu suke sha, wanda ake tallabewa da hannu biyu. Mai gida zai zuba koren garin shayi, ya zuba tafasasshen ruwa, ya kaɗa da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa, sa'an nan ya miƙa. Baƙo in ya shanye ba ya dire kwanon ya tashi. Ladabi shi ne ya juya shi, ya dubi cikinsa da gindinsa, ya faɗi abin da ya gani. Don haka a can kwanon shayi yakan yi suna kamar yadda doki ko takobi kan yi suna a wasu ƙasashe.

Sarki ya tara irin waɗannan kwanuka ɗari huɗu. Kowanne an sa shi a jakar alharini, an sa jakar a akwatin katako, an ɗaure akwatin da igiya mai launi. Mai kula da su shi ne Ma'aji Gonnojo, wani siririn mutum da ba ya barin kowa ya numfasa kusa da kwanon sarki. Ba a shan komai a cikinsu. Shi kansa sarki a wani kwanon zinariya yake shan shayinsa, shi kaɗai, kwanon yana ƙona masa yatsu, yana daurewa.

Wazirinsa kuwa, sunansa Sadakage, shekara ashirin da biyu ke nan yana tare da shi, tun ranar da aka naɗa sarkin. Shekarar da fara ta cinye shinkafa, Waziri ne ya tsaya gaban jama'a suka zazzage shi. Shekarar da aka yi yaƙi da sarkin arewa, shi ne ya tafi sulhu ya dawo da kibiya a kafaɗa. In aka yi doka mai daɗi, a ce sarki ya kyauta. In aka yi mai ɗaci, a ce aikin Waziri ne. Bai taɓa gyara wa kowa wannan magana ba. Kwanon shayi ɗaya tak yake da shi, kuma kullum da la'asar duk wanda ya kawo kuka ƙofarsa, masunci ne ko manomi ko tsohuwar da aka danne wa iyakar gona, sai ya sha shayi a cikinsa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Wata shekara sarkin wani lardi ya aiko jakada, dattijo masanin kwanuka. Kwana uku ana kwance masa akwatuna yana dubawa yana yabo. Ranar da zai koma, sarki ya tambaye shi a gaban fada, ya ce, "Ya jakada, duk cikin abin da ka gani a ƙasata, mene ne zai biyo ka har gida a zuci?"

Da jakadan ya san cutar sarki da ya yi ƙarya. Amma bai sani ba, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, kwanukanka ba su da na biyu. Sai dai jiya na ratsa gidan Wazirinka, ya ba ni shayi a wani kwano, ban yi barcin kirki ba. Launinsa kamar zuma ce ta haɗu da jan gajimaren yamma. Jikinsa duk zane ne siriri kamar komar masunci. A can cikinsa kuma akwai tabo uku, kamar sawun wani abu da ya tsaya ya wuce. Shekarata saba'in, ban taɓa riƙe irinsa ba. Albarka ta tabbata ga ƙasar da baran sarki yake da wannan."

Sarki ya yi murmushi, ya ce a hankali ƙwarai, "Madalla. Mun ji daɗin wannan magana." Fadawa kowa ya sunkuyar da kai.

Jakada bai kai ƙofar gari ba aka aika a kawo kwanon Waziri. Waziri ya zo da shi da kansa, a naɗe cikin wani tsohon ƙyalle. Sarki ya karɓa, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya so ƙwarai ya ga aibu, bai gani ba. Kwanon ya zauna masa a tafin hannu kamar don shi aka auna.

Ma'aji ya matso ya leƙa gindin kwanon, ya ce, "Ranka ya daɗe, na san wannan hannu. Aikin Heisaku ne, tsohon nan na kan tudu. Ai shi ya yi maka kwanon naɗi. Yana nan a akwati na ɗari da sha tara."

Aka ɗauko. Aka kwance igiya, aka buɗe akwati, aka zare jaka, aka ajiye shi kusa da na Waziri. Girmansu kusan ɗaya, ƙirarsu ɗaya. Amma na sarki fari ne fat kamar ruwan wankin shinkafa, ba zane, ba tabo, ba komai. Kusa da ɗan'uwansa sai ya zama kamar majinyacin da aka zaunar gefen ango.

Sarki ya ce, "Waziri, yaushe ka sami wannan?"

Waziri ya ce, "Ya sarki, ranar da ka aike ni in karɓo naka, kafin naɗi. A cikin waɗanda za a fasa na same shi."

"A cikin waɗanda za a fasa," in ji sarki. "Wato abin da ya kunyata kwanukana ɗari huɗu a gaban baƙo, a juji aka tsinto shi. Haka yake da wannan launi ka tsince shi?"

Waziri ba ya son ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Sai ya ce, "Ban iya tunawa ba, ranka ya daɗe. Wanda yake ganin ɗansa kullum ba ya ganin girmansa. Ni dai ina sha a ciki. In ya yi maka, naka ne, da ni da shi."

Wannan kyauta ta fi komai ƙona sarki. Mai hassada ba abin yake so ba. So yake a ce tun farko ba a ba wani ba. Sarki ya ce, "Ba na karɓar sauran bakin masunta."

Ma'aji ya ga hanya ta buɗe, ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Kwano yadda ya fito daga wuta haka yake. Tsohon nan ya zaɓi mai kyau ya ba bara, ya aiko wa sarki da saura. Wa ya san abin da yake nufi? Wataƙila tun ranar yana gaya wa duniya wanda yake ganin shi ne sarki na gaskiya."

Sarki ya san Waziri ba shi da laifin da za a kama shi da shi, ya kuma san in ya taɓa shi gari zai motsa. To, hassada kamar ruwa take, in ta tarar da dutse sai ta gangara wajen da ya fi laushi. Sai ya yanke hukunci a kan magini. Ya ce, "Gobe da safe zan hau tudun da kaina. In ta tabbata ya fifita bara a kan ubangidansa, za a rushe tanderunsa har ƙasa, kuma hannunsa ba zai sake taɓa yumɓu a ƙasata ba."

Waziri ya faɗi ya ce, "Ya sarki, tanderun nan tun kakan kakansa yake ci. In aka rushe shi, ba wanda ya san yadda za a sake gina irinsa."

Sarki ya ce, "Kai ma za ka zo. Ka riƙo kwanonka."

Da hantsi suka isa, sarki da Waziri da Ma'aji da ƙarti goma sha biyu ɗauke da manyan guduma. Tanderun ba irin na gashin gurasa ba ne. Dogon gini ne na ƙasa, ɗaki bisa ɗaki, ya kwanta a jikin tudu kamar ƙaton kada yana hawa. Ana hura wuta daga ƙasa, ta riƙa hawa ɗaki ɗaki har kwana huɗu. Bangonsa na ciki ya sha toka da wuta shekara da shekaru har ya koma kamar koren gilashi.

Suka tarar da Heisaku a rumfa yana cuɗa yumɓu, tsoho gajere mai faɗin kafaɗa, gira duk wuta ta cinye. Matarsa Otane tana gefe tana tace ruwan toka. Ya ga sarki, ya ga guduma, ya sunkuyar da kai ya yi gaisuwa, amma hannunsa bai tsaya ba.

Ma'aji ya daka masa tsawa. "Kai tsoho! Sarki ne a gabanka!"

Heisaku ya ce, "Na gani, ranka ya daɗe. Sarki yana da haƙuri, yumɓu ba shi da shi. Saura juyi goma."

Ya cika juyinsa goma, ya rufe yumɓun da jiƙaƙƙen tsumma, ya wanke hannu, sa'an nan ya zo ya durƙusa. Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye kwanukan biyu a gabansa. Da ya ga na Waziri sai fuskarsa ta saki, ya ce wa matarsa, "Otane, zo ki ga yaron nan. Ya zama mutum." Ya dubi na sarki, ya ce, "Wannan kuma ko tafiya bai fara ba."

Sarki ya ce, "Ya magini, ka san abin da ya kawo waɗannan guduma?"

"An gaya mini tun jiya, ya sarki. Labarin rushewa ya fi doki sauri."

"To, zan yi maka tambaya, ka ba ni amsa ba kwana. Wa ya yi farin kwanon nan?"

Heisaku ya ce, "Mu uku ne. Ƙasa, da wuta, da ni. Ni ne ƙaraminsu."

"Wannan na Waziri fa?"

"Mu huɗu ne."

Sarki ya ce, "Ashe ka amsa laifinka. Ka nemo wa nasa gwani na huɗu, nawa ka bar shi da uku. Wane ne na huɗun? A kira shi."

"Ba zai kirawu ba, ranka ya daɗe. Yana da yawa, wani ma ya mutu."

Sarki ya ɗan ɗaure fuska. "Bar wannan. Cikin biyun nan wanne ya fi kyau?"

"Yau, ko ranar da suka fito daga wuta?"

"Akwai bambanci ne?"

"Akwai shekara ashirin da biyu, ya sarki. Yau na Waziri ya fi, makaho ma in ya shafa zai faɗa. Ranar da suka fito kuwa, naka ne sarkin wutar nan gaba ɗaya. Kwano ɗari uku na sa, shi kaɗai na zaɓa."

Ma'aji ya yi dariya. "Ji tsohon wayo! Yumɓu ne yake girma kamar ɗan akuya?"

Otane ta ɗago daga wajen tokarta ta ce, "Wannan mai siririn wuyan shi ne mai tsaron akwatuna? Haba, shi ya sa. Wanda bai taɓa wanke kwano ba ina zai sani."

Heisaku ya ce, "Yi shiru, tsohuwa, tanderu ake shirin rushewa." Ya juyo wajen sarki ya ce, "Ya sarki, ko wanda za a kashe akan bar shi ya sha ruwa. Ina roƙon abu ɗaya kafin guduma ta sauka. Ka bar ni in dama maka shayi a cikin kwanonka."

Ma'aji ya zabura. "A'a! Ranka ya daɗe, ruwa bai taɓa taɓa shi ba! Zai ɓaci!"

Sarki ya dubi Ma'aji, ya dubi tsohon, ya ce, "Dama."

Otane ta kawo tafasasshen ruwa. Heisaku ya zuba garin shayi a farin kwanon, ya tsiyaya ruwan, ya ɗaga yatsa ya ce, "Kowa ya yi shiru." Aka yi tsit. Sai ga wata 'yar ƙara tana fitowa daga jikin kwanon, ƙil, ƙil, siririya kamar ana taɓa ƙararrawa daga nesa.

Ma'aji ya dafe kai. "Ya fashe!"

"Bai fashe ba," in ji Heisaku. "Farkawa ya yi." Ya kaɗa shayin, ya miƙa wa sarki da hannu biyu. Sarki ya sha. Kwanon bai ƙona masa yatsu ba, ɗumi kawai ya ji yana ratsa tafin hannunsa. Da ya shanye, tsohon ya ce, "Yanzu ka yi masa abin da baƙo yake yi. Dubi cikinsa, ta wajen haske."

Sarki ya karkata kwanon ga rana. A can ƙasa, inda shayin ya fi daɗewa, ya ga wasu zare biyu ko uku, sirara kamar gashin jariri, sun ɗan yi duhu.

Heisaku ya ce, "Ƙasarmu mai shan ruwa ce, ya sarki. Farin shafen da nake yi mata na toka da garin dutse, in ya fito daga wuta yana da tsaga dubu waɗanda ido ba ya gani. Duk shayin da aka sha, kaɗan yakan shige cikin tsagar ya zauna. Duk hannun da ya riƙe, yakan bar ɗan maiƙonsa. Yau zare uku. Baɗi komar masunci. Bayan shekara goma zuma. Ni rabin aiki nake yi, in miƙa. Gwani na huɗu da ka ce a kira, su ne duk bakin da ya sha a kwanon Waziri. Launin nan da jakada ya yaba, ba ni na sa shi ba. Masunta ne da manoma."

Sarki ya daɗe yana duban zaren nan uku. Amma hassada ba ta mutuwa da sara ɗaya. Ya ajiye kwanon ya ce, "Na yarda da launi. To, tabon nan uku fa? Su ma masunta ne suka yi? Jakada ya ce su ne suka hana shi barci. Waɗannan tun daga wuta suke, ka yi wa nasa ado, ka bar nawa fili. A nan kam ba ka da mafita."

Otane ta tuntsire da dariya har ta kusa zubar da ruwan toka. Ta ce, "Ado! Tsoho, ka ji? An ce ado!"

Heisaku bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya sarki, juya naka ka shafa gindinsa."

Sarki ya juya, ya shafa. Ya ji wurare uku masu ɗan kaushi, ƙanana kamar ƙwayar gero.

"Yanzu ka ɗora shi a cikin na Waziri. Juya kaɗan. Ƙara kaɗan."

Sarki ya juya, sai ya ji kwanon ya zauna daram. Kaushin nan uku sun faɗa cikin tabon nan uku, kamar ƙafa ta koma cikin sawunta. Ya gwada girgiza shi, bai motsa ba.

Heisaku ya ce, "A ɗaki na uku na tanderun nan akwai wuri ɗaya da wuta ta fi kyau, bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Amma ƙasan wurin toka tana taruwa ta narke, duk abin da aka ajiye a kai sai ta lalata masa gindi. Saboda haka tun kakannina, in za mu yi wa babban mutum kwano, biyu muke yi. Mu ajiye ɗaya a ƙasa, mu jera 'yan katantanwar teku uku a cikinsa, mu ɗora na babban a kai. Na ƙasan muna kiransa ɗan dako. Shi yake shan toka, shi yake ɗaukar nauyi kwana huɗu a cikin wuta, na sama ya fito tas. In an buɗe, katantanwar ta zama gari, amma ta bar masa tabo. Al'adarmu fasa shi muke yi, don ba a kai wa mutum kwano mai tabo."

Otane ta karɓe. "Ni na ba Waziri wannan. Ya hawo tudun nan yana haki, lokacin yana da sauran gashi, ya ce a taimake shi da ruwa. Duk kwanukan kirki an naɗe, sai na ɗauko ɗan dako daga cikin na fasawa na ɗebo masa. Ya sha, ya ce wai ya dace da hannunsa, ko za a bar masa? Na ce ɗauka, ka rage mana aiki."

Waziri ya dubi kwanonsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Ban taɓa sani ba."

"Ai ɗan dako ba ya sani," in ji Heisaku. "Ɗauka kawai yake yi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya sarki, wannan tabo da kake kishi, sawun kwanonka ne. In ba don ɗan dako ba, da naka ne ya ƙone. Na gama. Ga tanderu, ga guduma."

Sarki ya sunkuyo. Ya dubi kwano a cikin kwano. Sa'an nan ya ɗaga ido ya dubi Waziri, furfurarsa, da kafaɗar nan ta hagu wadda tun shekarar sulhu ba ta ɗaguwa sosai. Waɗanda suke wurin sun ce fuskar sarki ta yi ja har kunne, kuma wannan ne karo na farko da suka ga abin ya motsa masa bai yi murmushi ba.

Ya ciro nasa a hankali. Ya ɗauki na Waziri da hannu biyu, yadda mai gida yake miƙa wa baƙo, ya miƙa masa. Ya ce, "Karɓi, Sadakage. Shekara ashirin da biyu ina zaune a kanka, ina tsammani a kan iska nake."

Waziri ya karɓa da hannu biyu.

Amma hali zanen dutse ne. Sarki ya juyo wajen magini ya rage murya ya ce, "Ya Heisaku, tsakanina da kai, ba wata dabara da nawa zai kamo nasa da wuri?"

"Akwai, ranka ya daɗe. 'Yan damfara sukan dafa sabon kwano a baƙin shayi kwana uku su sayar da sunan tsoho. Daga nesa ya yi kama. Amma launin yakan zauna bai ɗaya kamar rini, ba wajen leɓe, ba wajen babban yatsa. Jakadan nan naka kallo ɗaya zai yi masa ya kau da kai don kunya."

"In na sha a ciki kullum fa?"

"Kai kaɗai? Sai jikanka ya ga zuma. Baki ɗaya ba ya rina kwano. Waziri, mutum nawa kake ba shayi a rana?"

Waziri ya ce, "Wata rana goma, wata rana talatin. Ya danganta da yawan masu kuka."

Sarki ya ce, "Su zo wurina ke nan."

"In sun zo," in ji Otane. "Ba shayi ne yake kai su gidan Waziri ba, ranka ya daɗe. Kunne ne."

Ma'aji ya buɗe baki zai tsawata mata, sarki ya ɗaga masa hannu. Ya dubi ƙartin nan goma sha biyu da suke tsaye da guduma tun hantsi, ya ce, "Magini, kana da aikin da guduma za ta yi?"

Heisaku ya ce, "Ga tarin farin dutse can, wata biyu ina neman mai daka mini shi."

Haka waɗanda aka kawo su rushe tanderu suka wuni suna daka masa garin shafe, Otane tana tsaye a kansu tana cewa bai yi laushi ba.

Da sarki ya koma gida, ya sa aka gina ɗan ɗaki a bakin ƙofar fada, mai faɗin tabarma huɗu. Kullum da la'asar yakan zauna a ciki da farin kwanonsa. Watan farko ba wanda ya shiga sai fadawa, domin talaka ba ya saurin yarda da sabon halin sarki. Daga baya wata mai sayar da gishiri ta yi ƙarfin hali ta shiga, ta sha, ta faɗi kukanta, aka share mata hawaye. Sai aka fara zuwa. Kwanon zinariya aka mayar da shi akwati, aka bar wa Ma'aji ya yi ta tsaro.

Masu ba da labarin ba su ce sarki ya warke sarai ba. Sun ce kowace shekara, in ya sha shayi a gidan Waziri, yakan zaro nasa daga hannun riga ya jera su ya duba, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Har yanzu ka fi ni." Waziri ya ce, "Na riga ka farawa ne, ya sarki." Sai sarki ya koma gida ya sa a ƙara buɗe ƙofa da wuri. Kishin yana nan, amma ya sami aikin yi, kuma talakawan lardin ne suka ci ribarsa.

Sarki ya yi shekara goma sha shida a haka ya rasu. Kwanonsa ya kai launin zuma mara duhu, bai kamo na Waziri ba. Tanderun Heisaku kuwa ya ci gaba da ci a hannun 'ya'yansa da jikoki, kuma daga wannan shekara suka daina fasa ɗan dako.

An ce a murfin akwatin da kwanon sarki bai sake komawa cikinsa ba, an sami rubutu da hannunsa, layi biyu:

Adalcin da aka ajiye a akwati fari ne tas, amma bai taɓa kashe wa kowa ƙishirwa ba. Kuma kafin ka yi kishin tabon wani, duba ko sawun ƙafarka ne.